Kifina siklid ya daina cin abinci kuma cikinai na kumbura, wane magani zan sa?

Wa alaikumus salam ƙanena. Na karanta bayaninka har sau biyu, kuma na ji daɗi da ka faɗi komi baka ɓoye ba, don da yawa in sunka zo tambaya sai su ce kifi dai ba ya da lafiya, su ɓoye abin da sunka riga sunka zuba mashi. Ka ce kana Mabera cikin Sakkwato, tankinka na gilashi bai wuce lita 60 ba, kifin ado siklid, dangin karfasa, guda 8 ne ciki, masu ruwan ɗorawa 3 da shuɗɗa masu zanen baƙi 5, wata biyu kenan da sayensu. Ɗaya cikin shuɗɗan yau kwana 4 bai ci ba, in ya ɗauki abinci sai ya tofar, ya laɓe bayan filta, kashinai fari siriri kamar zare shina binshi, ciki kuma ya fara tasowa. Abincin tarwaɗa kake basu safe, rana da dare. Da hankalinka ya tashi ka kwashe su ka wanke tanki da filta da omo, ka cika da sabon ruwa, ka fasa kafso biyu na Ampiclox ciki, yanzu kuma har lafiyayyun sun fara hawowa saman ruwa suna haki. Kana tambaya wane magani zaka ƙara.

Dan Allah yau kar ka ƙara wani magani cikin tankinga. Matsala biyu gare ka yanzu, akwai ta kifin da ba ya ci, akwai kuma ta ruwan da sauran bakwai ɗin ke ciki, kuma ta ruwan ita ce mai gaggawa don ita tana iya kwashe su gaba ɗaya cikin kwana biyu, shi ko mai kumburin ciki ciwonai a hankali yake tafiya.

Bari in gaya maka abin da ya faru ranar da ka yi wanki. Kifi cikin ruwan da yake zaune yake yin komi nashi, kuma mafi yawan dattin da jikinai ke fitarwa amoniya ce, ta kunnuwanshi take fita, ina nufin jan naman nan da ke ƙarƙashin marfin kumatu inda yake numfashi. Amoniya guba ce, tana ƙona wurin numfashin. A gulbi ruwa na tafiya da ita, a tanki kuwa ba inda za ta je, abin da ka ceton kifi shine wasu bakteriya masu amfani da ke zaune cikin soson filta da jikin duwatsu da yashi, su ka cinye amoniya su maida ta naitirait, wanda shima guba ne don yana hana jinin kifi ɗaukar iska, sannan wasu su sake maida shi naitiret, wannan shine mai sauƙin da kake ragewa in ka canja ruwa. Wannan baƙin-baƙin da ka gani jikin soso ka ɗauka ƙazanta ce, gidansu ne. Sati 4 zuwa 6 suke ɗauka kafin su zauna sosai a sabon tanki, naka wata biyu ne, kenan sun gama zama ke da wuya omo ya bi ta kansu, wanda ya tsira kuma Ampiclox ya same shi, don maganin kashe bakteriya bai san na kirki da na banza ba. Garin neman gira an taɓa ido. Ba faɗa nake maka ba, kusan duk wanda ya fara kiwon kifin ado sai ya yi wannan, don a idonmu ruwa mai haske shine mai kyau, alhali ruwa na iya yin garau kamar na gora kuma ya kashe kifi kafin asuba.

To ga abin yi yau ɗinga kafin magariba. Ka cire rabin ruwan tankin ka maida sabo, gobe ka cire kashi ɗaya cikin uku, jibi ma haka, ka yi ta yi kullum har sati biyu, ba tare da ka kwashe kifi ko ka taɓa soson filta ba. Ka tsaida abinci cak na kwana 3, ba abinda zai same su, kifi lafiyayye na yin sati bai ci ba, kuma duk abincin da ya shiga amoniya zai zama. Ka sa gishirin girki zalla, cokalin shayi ɗaya a duk lita 10, ka narka shi a kofi tukun, yana rage shigar naitirait cikin jini. In kana da aboki mai tanki da ya daɗe kuma kifinai lafiya lau, ka roƙe shi yanki ɗaya na tsohon sosonshi, ka ɗauko shi jiƙe cikin leda da ruwan tankin ka cusa a filtanka, wannan zai rage maka makonni. Daga yau kuma in soso ya toshe, cikin ruwan da ka ciro daga tanki zaka matse shi sau biyu uku ka maida, ba a famfo ba, sabulu kuwa ko kusa.

Ruwan da zaka riƙa zubawa shima sai ka kula. In na famfo ne yana iya zuwa da kulorin, ka tara shi a buɗaɗɗen baho ya kwana ya wuni ko ka sa maganin cire kulorin da masu kifin ado ke saidawa, shi ya fi tabbas. In na bohol ne shima ka bari ya kwana ya sha iska. In daga hannun 'yan garuwa kake saye ka shinshina jarkar, wasu jarkokin an taɓa zuba fetur ko kalanzir ciki, kuma ruwan da anka sa ma alif don ya kwanta kar ka bai wa kifi. Wanda ya fi kama mutane a nan garin shine ruwan tankin sama, da azahar cikin Afrilu ka san yadda yake, ko alwala baka iya yi da shi, in ka juye wannan kan kifi ka gama da su. Ka ɗiba tun da asuba ka aje shi ɗaki ɗaya da tankin, zafinsu ya zo daidai kafin ka haɗa.

Zan so ƙwarai ka nemi abin gwajin ruwa, irin na ɗigo a 'yar kwalba ya fi na takarda gaskiya, ko da sai ka yi oda an kawo maka daga wani gari. Amoniya 0 ake so, naitirait 0, naitiret ƙasa da 40, in ya tsaya wajen 20 ya fi. Waɗanga kifayen naka asalinsu Tabkin Malawi ne, wanda ke tsakanin Malawi da Mozambik da Tanzaniya, ruwan can mai ɗan kanwa-kanwa ne, pH nashi, wato ma'aunin tsami ko kanwar ruwa, wajen 8, zafinai kuma digiri 24 zuwa 28 a saman ruwa. Ta wannan wajen mun yi sa'a, ƙasarmu akwai farar ƙasa, dutsen da ake siminti da shi a Kalambaina, shi ya sa ruwan rijiya da bohol na wasu unguwanni ke barin farin tabo a buta, kuma irin ruwan da siklid ɗin Malawi ke so kenan. Amma akwai tarko ciki, amoniya ta fi dafi in pH ya hau, ɓangarenta mai guba a pH 8 ya ninka na pH 7 kamar sau goma, in ruwa ya yi zafi kuma ya ƙara. Kenan 'yar amoniyar da wani kifi zai jure a wani gari, a tankinka cikin bazarar Sakkwato kisa ce.

Zafin kanshi ma magana ce. Da bazara rana na wuce digiri 40, ɗaki mai kwano ba sili ruwan tanki na iya kaiwa 33 ko 34, kuma ruwan zafi baya riƙe iska kamar mai sanyi, a digiri 25, lita ɗaya na ɗaukar kamar miligiram 8 na iskar da kifi ke shaƙa, a 35 kuwa wajen 7 ne, ga shi a lokacin jikin kifin ya fi buƙatarta. Sai kuma a ɗauke wuta filta ta tsaya, ruwa ya kwanta shiru. Hakin da ka ga suna yi a sama haɗin gambiza ne, ƙunar amoniya da ƙarancin iska. Ka sai tamomita na cikin ruwa, ba shi da tsada. Ka nemi ɗan injin iska mai batir ko mai igiyar caji da ke aiki da fawa bank, ni a ganina a garin nan wannan ya fi fitilar ado da duk wani kayan ƙawa muhimmanci. Ka ɗage marfin tankin ka sa raga, ka juya ƙaramar fanka tana busa saman ruwan, iskarmu busassa ce don haka ruwan zai sauka da digiri biyu ko uku, dabarar randa ce ba wani abu ba. In ka sa gorar ƙanƙara ka sa ta a rufe tana yawo a sama, kar sanyin ya faɗo lokaci guda. Ka ja tankin daga bakin taga da bangon da ke shan ranar yamma. In babu wuta babu batir, ka ɗibi ruwan da kofi ka riƙa kwararo shi daga sama na wasu mintuna, lokaci-lokaci. Wani abu kuma da mutane basu kawowa a rai, fiya-fiya da maganin sauro na fesawa, in anka fesa a ɗakin injin iska zai zuƙa ya tura cikin ruwa, kuma kifi baya jure shi ko kaɗan. A kashe injin a lulluɓe tanki tukun, ko dai a daina fesawa a ɗakin.

Yanzu mu zo kan mai ciwon. Kafin a ce ga cuta sai an zauna an kalli kifi, ka ja kujera nesa kaɗan ka yi shiru minti goma sha biyar, in kana tsaye kansu ba zasu nuna halinsu ba. Abu na farko da zaka cire daga zargi, ko mace ce mai goyo a baki. Siklid dangin karfasa ne, ita karfasar gulbin Rima da muke soyawa siklid ce, kuma duk masunci zai gaya maka yana kama wata ya ishe ƙwai ko 'ya'ya cike da bakinta. Na Malawi ma haka suke, macen na riƙe ƙwai a baki kamar sati 3 bata cin komi, tana laɓewa, zaka ga ƙasan haɓarta ya kumbura tana motsa baki kamar mai tauna, in anka zuba abinci ta matso ta kalla ta koma. Amma cikinta ramewa yake, baya tasowa. Na ga mutane da yawa sun dama ma mai goyo magani har ta zubar da ƙwan. Naka tunda yana ɗaukar abinci ya tofar kuma ciki ne ya kumbura ba haɓa ba, ina ga ba wannan bane, amma ka duba.

Na biyu, ko 'yan uwanai ne ka dukanshi. Irin shuɗɗan nan da ake ce ma mbuna, ma'ana kifin duwatsu, masu faɗa ne na gaske, namiji ɗaya zai kama wuri ya ce nashi ne ya hana kowa sakat. Ka duba wutsiya da fikafikan mai ciwon ko sun yayyage, ko ɓawon jiki ya ɗaye a gefe, ko launinai ya dushe, ka ga kuma wa ke korar shi in ya fito. Laɓewa bayan filta ko a kusurwar sama alama ce ta wanda aka hana ƙasa. Duka da kanshi yana hana kifi ci, kuma sau da yawa shi ka buɗe ma cuta ƙofa.

Sai ka duba fata da tocila daga gefe. In ka ga ɗige-ɗige farare kamar an barbaɗa gishiri a jiki da fikafikai, kifin na goga jikinai a dutse, wannan ciwon farin ɗigo ne, mu nan ya fi zuwa da hunturu lokacin da dare ke sanyi ruwa ya faɗi, ko in an kawo sabon kifi. Shi ƙwaron in yana manne a fata magani baya kama shi, sai ya faɗo ya hayayyafa 'ya'yan sun fito suna iyo, shi ya sa ake jan maganin kwana 10 zuwa 14 ko da ɗigon ya ɓace, da gishiri giram 2 zuwa 3 a lita ana ƙarawa a hankali da zafin ruwa wajen 30. In kuma fari-fari ne kamar auduga a baki, ko wani tabo fari ya hau gadon baya kamar sirdi fikafikai na cinyewa, wannan bakteriya ce da ake kira kolumnaris, ita zafi take so, bazara ce lokacinta, tana kisa da sauri, kuma wanda ya ɗaga zafin ruwa da sunan maganin farin ɗigo ya ƙara mata wuta. Ka ga dalilin da yasa nake cewa a kalla tukun, maganin wannan shine gubar wancan. Baka ambaci ko ɗaya cikin biyun ba, to mu aje su.

Abin da ka lissafa, tofar da abinci, farin kashi mai zare, laɓewa, numfashi da sauri, sannan ciki ya biyo baya da kumburi, kuma a jikin mbuna da ake ciyarwa da abincin tarwaɗa, wannan kusan duka alamun ciwon kumburin Malawi ne. Daga nesa nake magana ban ga kifin ba, amma in nawa ne a kan wannan zan yi magani. Yadda abin yake, akwai wasu ƙananan halittu masu bulala da ke zaune cikin hanjin kifi, ido baya ganinsu, da yawan kifaye na ɗauke da su kaɗan kuma lafiyarsu lau. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, in kifi ya galabaita da duka ko mugun ruwa ko abincin da bai dace da hanjinai ba sai su yi yawa, hanji ya kumbura ya daina aiki, farin zaren da kake gani majinar hanji ce ba abinci ciki, in abin ya yi nisa ya taɓa hanta da ƙoda ruwa ya taru a ciki. Kumburin da ake sa ma ciwon suna da shi alama ce ta baya-baya, ranar da kifi ya fara tofar da abinci ranar ya kamata a tashi tsaye.

Maganar abincin tarwaɗa kuwa ta taɓa ni, don nima ta nan na yi asara. Shekarun baya ina kiwon tarwaɗa a bayan gida, buhun abinci na aje, sai na ga mi zai sa in sai wani ɗan gwangwani mai tsada saboda kifin falo, na riƙa ɗibar masu daga buhun. Sun yi ƙiba sun yi sheƙi wata guda ina murna, daga nan sunka fara laɓewa ɗaya bayan ɗaya, guda shida na binne cikin kwana goma, har yau in na tuna babban namijin da na raina tun yana kamar ɗan yatsa sai in ji ba daɗi. Abincin tarwaɗa an yi shi ne don kifi mai cin nama ya kai kilo cikin 'yan watanni a kai shi kasuwa, furotin nashi na kaiwa kashi 40 cikin ɗari ko fiye, ga mai. Su ko mbuna a tabkinsu wuni suke suna kankarar gansakuka a jikin dutse, hanjinsu dogo ne irin na mai cin ganye, kamar ka ɗauki akuya ka ce kullum kilishi za ta ci. Masu ruwan ɗorawan sun fi jurewa don su dama suna cin ƙwari, shi ya sa shuɗin ya riga su faɗuwa.

Ga yadda zaka yi mashi. Ka sai sabon baho ko bokitin roba da sabulu bai taɓa shiga ba, ka auna lita 30 na ruwan da ya kwana, zafinai daidai da na tanki, ka sa mashi iska, ka kifa 'yar tukunyar ƙasa ko kasko a gefe ya samu wurin ɓuya, ka rufe da raga don suna tsalle. Maganin shine metronidazol, wanda kowa ya sani da Flagyl, na ƙwaya ba na ruwa na yara ba, shi wancan akwai sikari da kayan ƙamshi ciki. Ƙwaya ɗaya mai miligiram 200 ita ce ta lita 30, in mai 400 ce ka raba biyu. Ka daka ta ta yi laushi sosai, ka kaɗa a ruwan ɗumi cikin gora don bata narkewa da sauƙi, ka zuba. Kullum lokaci ɗaya ka cire rabin ruwan bahon, ka zuƙe kashin da ke ƙasa, ka cika da sabo, ka sake sa ƙwaya ɗaya, haka har kwana 5, in ya fara farfaɗowa amma bai gama ba ka kai 7. Bahon ya zauna a inuwa don haske na lalata maganin, in kuma akwai gawayin tace ruwa a wurin ka cire, shanye maganin yake. Kar ka ba shi abinci kwana ukun farko.

Tare da shi ka sa gishirin Epsom, ana samu a manyan kemis, cokalin cin abinci ɗaya a shafe a duk lita 20, kenan ɗaya da rabi a bahonka, ka narka ka zuba kaɗan-kaɗan cikin awa biyu uku. Shi yana sassauta hanji yana taimakawa ruwan ciki ya ragu. Ka lura gishirin Epsom daban, na girki daban, ba kanwa bane, ba kuma garin nan mai kumfa da ake sha don ɓacin ciki ba, ka karanta jikin ledar ka ga magnesium sulphate zalla babu turare. Shi baya lalacewa a ruwa, don haka in ka cire rabin ruwa rabin awon kawai zaka maida, in kana maida cikakke kullum zai taru ya yi yawa.

Sauran bakwai ɗin tunda ruwa ɗaya abinci ɗaya sunka sha, akwai yiwuwar wasu na kan hanya. Bayan azumin kwana 3, in ka ga wani da farin kashi amma yana ci, ta baki magani ya fi shiga, ka daka ƙwaya mai 200 ka kaɗa da ɗan ruwa kaɗan, ka jiƙa giram 20 na abinci da shi, ka shanya a inuwa, ka riƙa basu kaɗan sau ɗaya a rana kwana 5. Wanda bai daina ci ba, kusan kullum ana samun kanshi. Wanda ya daina ci kamar naka sai dai a yi ƙoƙari a bar ma Allah sauran, gaskiya kwana 4 ba ci ga ciki ya fara tashi yana tsaka-tsaki ne, na ga waɗanda sunka tashi na ga waɗanda basu tashi ba. Alamar sauƙi ita ce ya fito daga tukunya yana kallonka, numfashi ya lafa, kashi ya fara yin duhu. Ranar ta huɗu ka gwada shi da ƙwayar koren wake ɗaya irin na fis, dafaffe an ɓare an murje, in bai ci ba cikin minti biyar ka cire.

In kuwa ka leƙa ta sama ka ga ɓawon jikinai ya miƙe tsaye duka kamar bayan abarba, ido ya firfito, yana kifewa baya iya daidaita kanshi, to ƙoda ta riga ta tafi kuma da wuya ƙwarai a dawo daga nan. Kar ka bar shi yana wahala kwana da kwanaki, kar ka jefa shi a masai ko kwata da rai, kar ka sa shi a firiza. Man kanumfari ake amfani da shi, ɗigo kamar 10 a lita ɗaya, ka girgiza da ruwan ɗumi a gora ya yi fari, ka riƙa zubawa a hankali a 'yar robar da yake ciki, zai yi barci numfashi ya tsaya, ka bar shi rabin awa bayan nan kafin ka binne. Dabba ce da ke hannunka, haƙƙinta na kanka har ƙarshe. Kar a ba kyanwa ko kaji, kuma ruwan magani a zubar a ƙasa nesa da rijiya. Kai ma in kana da ciwo ko yanka a hannu kar ka tsoma shi a tanki, akwai cutar kifi da ke shiga fata, ka wanke hannu bayan ka gama, kafin ka fara kuma ka ɗauraye da ruwa zalla saboda mai da turare.

In wani ya sake kamuwa bayan duk wannan, ko sunka fara mutuwa biyu-biyu, kar ka tsaya canje-canjen magani. Jami'ar Usmanu Danfodiyo na da tsangayar likitan dabbobi da asibitin koyarwa nan cikin gari, akwai kuma sashen kiwon kifi, ka ɗauki kifin da ranshi cikin ruwanshi, da wata gora daban ta ruwan tankin, ka nemi a duba majinar jiki da kashi a madubin likita. Mushen da ya wuni cikin zafin nan ba abin da za a gani jikinai.

Magana ta ƙarshe wadda nasan ba zata yi daɗi ba, lita 60 ta yi ma siklid ɗinka 8 kaɗan. Yanzu ƙanana ne, amma suna kaiwa santimita 10 zuwa 12, kuma abin da suke buƙata tanki ne mai tsawon ƙafa 4, wajen lita 200, da tarin duwatsu masu ramuka yadda wanda anka kora zai ɓace ma mai korar, namiji ɗaya da mata uku ko huɗu. In kana son sanin litar tanki ka auna tsawo da faɗi da zurfin ruwa da santimita, ka ninka su, ka raba da 1000. In babu halin babban tanki yanzu, ka rage su, ka bar masu ruwan ɗorawan tunda sun fi sanyin hali ka maida shuɗɗan ko ka ba mai wuri. Abinci kuma ka nemi na siklid masu cin ganye, wanda aka rubuta sifirulina a jiki, wata irin gansakuka ce, sau ɗaya ko biyu a rana, abin da zasu cinye cikin rabin minti zuwa minti ɗaya, rana ɗaya a sati ka bar su haka nan. Kana iya ƙara masu da ganyen alayyahu ko latas da anka tsoma a ruwan zafi, ko yankan kokwamba, ka cire saura kafin dare. Duk sabon kifin da zaka sayo nan gaba ya yi sati 3 zuwa 4 a bahon nan shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran.

Shi mai jinyar ko ya warke kar ka yi saurin maida shi, sai ya yi sati guda yana ci yana kashi mai launi, kuma gwajin tankin ya nuna amoniya da naitirait 0. Ranar maidawa ka sassauya wurin duwatsun duka don kowa ya rasa gidanshi a fara daga farko, ka sake shi da dare bayan ka kashe fitila. Bayan kwana 3 ka sanar da ni zafin ruwan da asuba da kuma la'asar, da launin kashinai, da ko sauran sun daina haki. Allah ya ba shi lafiya.